Tsohon Ba'amurke Mai Zane da Rumbun Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, na san wani dattijo Ba'amurke wanda har yau ban gama gode masa ba. Kwanan nan ya yi ta faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarinsa.

A unguwar Setapak muke zaune ni da matata. Bincikena a kan asarar hatsi ne bayan girbi, kuma a shekarar aikin ya cije. Duk babin da na kai wa malamin da ke duba aikina, sai ya dawo mini da shi ya sha jan biro. Likita ya ce hawan jini na neman kama ni, in riƙa tafiya da ƙafa. Shi ya sa na fara zagaya tafkin Titiwangsa da safe, ina tafe ina huci kamar wanda aka yi wa dole, don kuwa dolen aka yi mini.

Kullum sai na wuce wani farin tsoho da malafa, zaune a benci ɗaya, da allon zane a gabansa. Ruwa da dogayen benayen birni yake fuskanta, don haka na ɗauka su yake zanawa. Wata rana na leƙa. Babu tafki, babu bene. Gonar masara ce shimfiɗe har iyakar gani, da wani jan gini na katako a gefe. Ni da shisshigi na ce masa da Turanci ai wannan ba nan ba ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya sani, shi ma ai ba ɗan nan ba ne. Sai ya matsa ya ba ni wuri.

Daga ranar tafiyar ƙafar tawa ta koma zaman benci. Likita bai sani ba.

A hankali na ji tarihinsa, ba a zama ɗaya ba, don mutum ne mai magana kaɗan-kaɗan. A wani ƙauye na manoma aka haife shi can tsakiyar Amurka, inda suke noman masara da kiwon shanu. Ya ce tun yana ƙarami wuƙa ba ta barin aljihunsa, duk guntun icen da ya tsinta sai ya fitar da doki ko zakara daga cikinsa. Da ya girma ya tafi babban birni koyon zane. A can malamai suka ce hannunsa na da kyau, amma ya daina zanen shanu da ɗakunan ajiyar ciyawa, ba wanda zai kalle su. Ya daure shekara biyu, sannan ya tattara ya koma gida. Ya auri malamar firamaren ƙauyensu. Yana gyaran injinan noma, yana rubuta allunan shaguna, in ya samu sarari ya yi zanensa da sassaƙarsa.

Yana nan ƙauyen ya fara watsewa a gabansa. Matasa suka tafi birni, manyan kamfanoni suka saye gonaki suka haɗe su, aka rufe makarantar da matarsa ke koyarwa. Sai ya ɗora wa kansa wani aiki: duk gidan da ya ji za a rushe, zai je ya zana shi tukuna, ya roƙi guntun katakon gidan, ya sassaƙa mai gidan ko dabbarsa a jiki. Shekara arba'in yana wannan. Ya ce bai taɓa yin suna ba, amma babu gidan da ya fito daga ƙauyen nan da ba a rataye aikinsa a bango ba. Bayan matarsa ta rasu ya yi ɗan shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa da ke auren wani Bamalaye ta je ta ɗauko shi. Kalma biyu kawai ya iya a yaren ƙasar, makan da boleh, wato abinci da "ba matsala", ya ce kuma sun ishe shi zaman duniya.

Ni Baba nake ce masa. Na gaya masa ma'anarta, ya ce ya karɓa.

Wata safiya ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce manomi ne. Ya ajiye buroshi ya juyo gaba ɗaya, ya ce a ina yake ajiye hatsinsa. Na ce a rumbu. Abin nema ya samu, ai fannina ne. Na gyara murya na fara zuba masa bayani irin na taron masana, danshi kaza, ƙwari kaza. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ba rumbunan ƙasarku na tambaye ka ba. Na mahaifinka. A kan me yake zaune?"

Na ce a kan duwatsu. Ya ce guda nawa? Ya ce bakinsa ina yake kallo, wa ya gina shi, wace bishiya ce kusa da shi? Bishiyar kaɗai na iya amsawa, na ce gawo ne. Mutumin da ya shekara uku yana rubutu a kan ajiyar hatsi, ga shi an kayar da shi a kan rumbun gidansu. Bai yi mini dariya ba. Ya ce yana so ya zana rumbun, in je in tambayo.

Gaskiyar magana, tsakanina da mahaifina babu faɗa, amma babu hira. Tun da na tafi makarantar kwana muka zama mutanen gaisuwa. Duk Juma'a nakan kira shi: ina kwana, ya gida, ya karatu, Allah ya yi albarka. Minti uku mun gama. Ina ganin kamar ba zai gane abin da nake yi ba, shi kuma ina jin yana ganin kada ya ɓata wa mai karatu lokaci.

Ranar da yamma, lokacin hantsi ne a gida, na kira shi. Bayan gaisuwa na ce, Baba, rumbunmu duwatsu nawa ne a ƙarƙashinsa? Ya ce lafiya dai, wani ya ce maka ya faɗi ne? Na ce a'a, wani tsohon Bature ne ke tambaya. Ya yi dariyar da na manta yana da irinta. Ya ce tara ne. Shi da kakana suka ɗauko su a kan jaki daga bakin dutse, shekarar da ya yi aure. Daga nan bai tsaya ba. Ya gaya mini inda aka haƙo jar ƙasar, da irin ciyawar da aka cuɗa da ita, da kwana nawa aka bar ta ta ruɓa kafin a fara gini. Sai da wayarsa ta mutu muka rabu. Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Wai da Baba kake wannan doguwar hirar?"

Haka na zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu. Da safe in karɓo tambaya a bakin tafki, da yamma in kai ta gida, washegari in dawo da amsa. Har kuskure na jawo. Tsohon ya zana gawon da ganye kore shar, ga hadari ya haɗo a sama, don ni na ce masa da damina komai kore ne. Da na faɗa wa mahaifina ya ce, "Kai ɗan nan, a ina ka taɓa ganin gawo da ganye da damina?" Dole aka goge ganyen. Tsohon ya ji daɗin wannan gyara fiye da duk wani yabo da na taɓa yi masa.

Wata Asabar 'yarsa ta gayyace ni shan shayi a gidansu. A nan na ga sassaƙarsa, 'yan kaɗan da ya iya tahowa da su: wata tsohuwa da bokitin madara, hannayen wani manomi riƙe da igiya, da wani bijimi da ka ce yanzu zai yi numfashi. Ya ga na daɗe ina kallon bijimin, sai ya ɗauka ya miƙo mini kyauta. Na rasa yadda zan yi, na dai daure na ce masa a fahimtata ta addini ba na ajiye siffar mai rai da aka sassaƙa a gida. Na zaci zai ji haushi. Ya mayar da shi wurinsa ya ce to me ake sassaƙawa a garinku wanda ba shi da rai? Na ce turmi, akushi, muciya. Ya sa na zana masa muciya a takarda. Bayan sati biyu ya kawo ta, ya sassaƙa da hannunsa duk da shanyewar da ta taɓa shi. Matata, wadda ta karya cokulan katako biyu na kasuwar Chow Kit wajen tuƙa tuwon shinkafa, ta ce duk zamanmu a ƙasar nan ba a taɓa yi mata kyauta mai hankali irin wannan ba.

A Asabar ɗin shan shayin ne kuma na kira mahaifina na buɗe muryar wayar, suka yi magana da tsohon ina fassara. Kusan awa guda. Wannan ya tambayi yadda ake gane ruwa na zuwa, wancan ya tambayi yadda shanu ke yi da ƙanƙara. Mahaifina ya ce in tambaye shi wa ke noma gonarsu yanzu. Tsohon ya ce wani kamfani ne, bai ma san sunan mai tuƙa injin ba. Mahaifina ya ce in ce masa ya yi haƙuri, kamar mai yin ta'aziyya. Da na fassara, tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Da zanen ya kammala na tura hotonsa ta wayar yayana. Mahaifina ya ce lallai wannan Bature ya yi noma, don ya sa kaji a ƙarƙashin rumbu da tsakar rana, kuma ba wanda ya gaya masa.

Wata bakwai bayan haka mahaifina ya rasu. Zazzaɓin kwana uku. Kafin in gama fahimtar saƙon har an kai shi makwancinsa. 'Yan uwa ɗalibai suka cika ɗan falonmu ana ta addu'a. A rana ta biyu sai ga tsohon, 'yarsa na riƙe da shi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi kujerar da aka ba shi, ya lallaɓa da ƙyar ya zauna a tabarma cikin mutane. Bai iya ta'aziyyarmu ba, bai kuma yi ƙoƙarin kwaikwaya ba. Can ya matso ya ce akwai tambayar da ya ajiye bai samu yi wa mahaifina ba: yaya yake gane hatsi ya bushe har ya isa shiga rumbu?

Na ce yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza da haƙorin gaba, in ta yi ƙara ta fashe biyu ta isa, in ta lotse a bar ta ta ƙara shan rana. Ina rufe baki na gane cewa na san amsar, kuma daga bakin mahaifina na ji ta, da irin muryar da ya faɗa. A nan kukan da na riƙe kwana biyu ya ƙwace mini. Tsohon ya dafa gwiwata ya bar ni na yi.

Na gama karatu a shekarar da ta biyo, muka dawo gida. Mun yi sallama da tsohon a bencin nan, ya ce kada in yi masa dogon jawabi. Bayan kamar shekara biyu 'yarsa ta rubuto mini cewa ya rasu, kuma ta mayar da shi ƙauyensu an binne shi kusa da matarsa kamar yadda ya roƙa. Ta ce tsofaffin maƙwabta sun zo daga garuruwa daban-daban, wasu ɗauke da zanen gidajensu da ya yi musu, suka jera su a jikin bango.

Ba addininmu ɗaya ba, kuma abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa ba ni da sani a kai. Abin da na sani shi ne alherin da ya yi mini. Ba don shi ba, da mahaifina ya tafi ban san shi ba sai gaisuwar Juma'a. Wata bakwai da 'yan kai na samu ina hira da shi kusan kullum, kuma duk abin da nake ba 'ya'yana labari a kan kakansu yau, a cikin watannin nan na same shi. Mutumin nan bai taɓa yi mini nasiha ko sau ɗaya ba. Ya dai ɗauki rayuwar mutanen ƙauye da muhimmanci, nasa da na wasu, har na ji kunyar yadda na yi sakaci da nawa.

Mahaifiyata na nan da ranta, alhamdu lillahi. Juma'ar da ta wuce na je ƙauye, bayan mun gaisa na ƙi tashi. Na ce ta ba ni labarin garinsu da yadda ta taso. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sai yanzu?" Sannan ta aika a ɗora shayi, ta gyara zama.