Akushin da Na Buɗe

Ni dattijo ne yanzu, amma a shekarun 1950 magidanci ne ni a Wudil, manomi mai rumbu uku, kuma marowacin da ko ƙanzo ba a fita da shi daga gidansa. A lokacin ba na kiransa rowa, tattali nake ce masa.

A unguwarmu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar masallaci, a haɗu a ci tare. Nawa ɗan mitsitsi ne, kuma idona na kan kowace loma. Akwai wani tsoho maƙwabcina, masunci da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa sun tafi cin rani ba su dawo ba. Kullum yakan zo da akushinsa a rufe ya ajiye gefe, a ci na kowa, sai a ce an ƙoshi, ya koma da nasa. Ashe ba komai a ciki, asiri ake rufa masa. Wata rana da damina, hatsi ya yi wuya, na ga ya kai hannu cikin tuwona, sai zuciya ta ɗebe ni. Na jawo akushinsa ina dariya, na ce yau kam da nasa za mu fara. Liman ya cafke hannuna, amma ina! Na riga na ɗaga murfin. Wayam. Tsohon ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ce a gafarce shi, ya ɗauki akushinsa ya shige gida.

Bai sake fitowa ba. Na fasa rumbu, na sa aka tuƙa tuwo har da man shanu na aika masa, ya ce a ce ya gode, ya ƙoshi. Na sauran maƙwabta ma ya daina karɓa. Na durƙusa a zaurensa ina kuka, ya ce ya yafe mini, amma bai ci ba. Ina ji ina gani yana ramewa, na rasa yadda zan yi. Kafin a yanke gero muka kai shi makwancinsa.

Tun daga nan ban sake rufe rumbuna ba. Yau mutane na ce mini mai kyauta, ni kuwa kunya nake ji. Don Allah jama'a, ku ji tsoron rowa, ba a kan hatsi take tsayawa ba, har mutuncin mutane take ci. In kun ga akushi a rufe, ku bar shi a rufe. Na ciyar da mutane ba iyaka, amma wanda nake so ya ci bai taɓa ci ba.