Babin da Malam Ɗahiru Ya Bari da Fensir

Shekara goma ke nan cif, a wannan watan, da muka kai Malam Ɗahiru makwancinsa a Tsafe. Na saba in bar ranar ta wuce da addu'a kawai. Bana kuwa akwai laifin da ya kamata in amsa a bainar jama'a, tunda wanda na yi wa ba ya nan balle in same shi a zaure.

Tare muka koyar a wata sakandare a Bungudu, shi kimiyya, ni Hausa. Kullum ina tsokanarsa cewa iliminsa ba ya jin yaren uwarsa. Wata rana ya gaji, ya ce to shi zai rubuta labarin sararin samaniya da Hausa, ni kuma in gyara harshen in ga an buga. Na amsa da sauri, don a zatona ba zai yi ba. Ya cika littattafan rubutu shida, irin na 'yan makaranta.

Yadda yake koyarwa haka ya rubuta. Hasken da ke dukan fuskarka, in ji shi, ya baro rana minti takwas da suka wuce, saboda haka duk mai ɗaga kai sama tsohon labari yake karantawa. Zafi kuwa, gwangwani biyu yake cikawa da ruwa, ɗaya an shafe shi da baƙin fenti, ya ajiye su a filin ƙwallo da hantsi, ya ce kowa ya tsoma yatsa kafin ya yi musu. Ranar da ya zo kan darasin abin da ake kira filasma, ajin gaba ɗaya ya kwasa zuwa wurin wani mai walda a bakin tasha, suka riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya ta baƙin gilashi. Malam Ɗahiru ya ce musu abin da ke ƙyalli tsakanin sandar da ƙarfen ba wutar murhu ba ce, iska ce ta yi zafi har ƙwayoyinta suka wargaje, kuma da irinta aka yi rana da taurari. Mai waldar ya ce daga ranar a riƙa gaishe shi da ladabi.

Yana da wata ɗabi'a da na ɗauka iyayi ne. Alƙalami biyu ne a aljihunsa. "Malam Bello," yakan ce, "biro na abin da aka auna ne. Fensir na abin da ake zato."

Babin ƙarshe a kan makomar sararin ne. An riga an san cewa gungun taurari suna nisantar juna. Shi yana ganin ƙarfin da ke janyo abubuwa zai rage musu gudu sannu a hankali, kamar dutsen da aka jefa sama, har wata rana su juyo su haɗe. Yana son wannan ra'ayi ƙwarai. Bai gama babin ba ciwon hanta ya kwantar da shi.

Bayan arba'in, mai ɗakinsa Hajiya Rabi ta danƙa mini littattafan. Na kulle su a akwati a Gusau, na ce gobe. Goben ta ci shekara bakwai. Da na buɗe, sai na tarar babin ƙarshe ya fara dushewa, ga shi da fensir. Hankalina ya tashi. Na kwashe mako biyu ina bin sa da biro, harafi bayan harafi, ina jin kaina amintaccen aboki. Daga nan na kai wa mai keken rubutu, na sake yin barci.

Bana rediyo ya tashe ni. Masu nazarin taurari sun auna hasken waɗansu taurari masu nisa da suka fashe, suka ga sararin ba rage gudu yake yi ba, ƙarawa yake. Akwai abin da ke tura shi, ba a ganinsa, ba a san ko mene ne ba. Sun sa masa suna makamashi mai duhu, duhun kuwa na rashin sani ne. Abin da ya fara zo mini shi ne abokina ya yi kuskure, kuma wajibina ne in cire babin kafin a buga, in rufa masa asiri. Na ɗauki littafi na shida na shiga motar Tsafe don neman iznin Hajiya.

Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in miƙo. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Wa yab bi wanga da biro?"

"Ni ne, Hajiya. Ya fara gogewa."

"Haba Malam Bello. Ni da ban yi boko ba na san da hwensir yar rubuta shi, don ni ka fiƙe mai da reza. Har na ce mai, Malam, ga biro nan kusa da kai. Yac ce a'a, wanga ba su gama awo ba tukuna." Ta rufe littafin a hankali. "Shi cewa yay yi wataƙila. Kai kas sa mai rantsuwa a baki."

Na koyar da harshe shekara talatin, ban taɓa samun gyara mai zafi irin wannan ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Gusau ta zama babban birnin jiha, faifan tauraron ɗan'adam ya fara tsirowa a kan rufin kwano, dogayen ƙwayayen lantarki da yake nuna wa ɗalibai a matsayin filasma ta cikin gida suna nan rataye, yawancin lokaci ba wuta. Zai yi dariyar wannan. Labarin rediyon kuwa na tabbata ba zai ɓata masa rai ba. Magogi zai nema, ya goge aikin wata uku yana murmushi, sannan ya dame mu a ɗakin malamai da cewa ya ga mutanen kirki, waɗanda suka auna, suka sami akasin abin da suke so, suka faɗa. Abin da zai ba shi tsoro shi ne yadda muka koma, mu masu rubutu a jarida da masu lasifika, kowa da biro yake magana.

Ban cire babin ba. Littafin yana wurin maɗaba'a yanzu, kuma a saman babin na sa layi ɗaya: marubucin da fensir ya rubuta wannan, biron nawa ne. Gwangwanayensa sun yi tsatsa tuni, ɗalibansa sun watsu daga Magami har Legas, lissafinsa na ƙarshe ma ga shi bai tsaya ba. Abin da ya rage nasa shi ne ya san iyakar saninsa, ya kuma yi mata alama don kada ya ruɗi na baya.

A ƙarshen littafi na shida ya bar shafi huɗu ba rubutu. Kafin in baro Tsafe ran nan na ce zan rubuta sabon labarin a wurin. Na laluba aljihu ina neman biro. Hajiya ta ce in dakata, ta shiga ɗaki, ta fito da reza da guntun fensir.

Allah ya jiƙan Malam Ɗahiru, ya haskaka kabarinsa, ya yafe wa abokinsa.