Tsarin Ajingi a makarantar Gaya

A shekarar da na fara aiki da wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a Kano, ji nake babu wanda ya kai ni. Wata ƙungiya ce ta raba wa makarantu kwamfutoci, ta ɗauke mu mu riƙa zagayawa kowane zango muna duba ko akwai ɓarakar da ɓarayin intanet za su iya shigowa ta ciki. Manhajar da muke aikin da ita takan bi kowace na'ura da ke kan layin makaranta tana ƙwanƙwasa ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta fara sai ka shigar mata da tsari, wato fayil ɗin da ke gaya mata abin da za ta taɓa da abin da za ta ƙyale. Abokan aikina da linzamin kwamfuta suke yi, suna danne-danne. Ni kuwa sai na buɗe baƙin allo na rubuta umarni da hannu, musamman in akwai mai kallo.

Ranar wata Alhamis aka haɗa mini makarantu biyu, ɗaya a Ajingi, ɗaya a Gaya, garinmu. Ta Gaya Islamiyyar unguwarmu ce, inda Innata ta shafe shekara tara tana zuwa ajin matan aure har ta sauke Alƙur'ani tana da jikoki. Walimar saukarsu ranar Asabar ce. Da tuni an yi, rasuwar tsohon Malam mai makarantar ce ta sa aka ɗage sai bayan arba'in. Kafin ya kwanta ciwo ya riga ya sa hannu a takardun shahada talatin da ɗaya, daidai yawan matan. Hannunsa na rawa, sai da ya yi sati yana yi. Sunaye kawai suka rage a buga.

Na gama da Ajingi da hantsi lami lafiya. Can babu firinta, wato na'urar buga takardu, ko ɗaya, don haka tsarin da na rubuta musu na a taɓa komai ne. Na Gaya daban na shirya shi tun daga Kano, na sa a tsallake firinta, domin tsohuwar firinta ba ta san gwaji ba, duk abin da aka aiko mata ɗauka take aikin bugawa ne. Na san wannan sarai, har sababbin ma'aikata nake koya wa.

Na iso Gaya a kan babur ana dab da azahar. Ɗan marigayin, wanda ya gaji shugabancin makarantar, shi ma Malam muke ce masa, ya tarbe ni da tsokana kamar kullum.

"Injiniya, an ga dama an zo? Tunda saboda kai za a tada janareta, bari mu ma mu ci albarkacinka."

Na buɗe kwamfutata na jona a layinsu, ya tsaya a bayana yana kallo. Abin nema ya samu. Maimakon in rubuta sabon umarni, sai na danna kibiyar sama, wadda ke dawo da umarnin ƙarshe da mutum ya bayar, don ya ga saurin hannuna. Dogon layi ya fito, na danna shiga ban karanta ba. Layin safiya ne, mai shigar da fayil ɗin Ajingi ya kuma tada binciken nan take. Da a wani wuri ne da manhajar ta rasa na'urorin ta yi shiru. Amma mutum ɗaya ne ya ja wa makarantun biyu waya, kuma lambobi iri ɗaya ya ba na'urorinsu. Komai ya tafi sumul, ko ƙorafi ba ta yi ba.

Aka kira salla, muka ja ƙofa muka tafi masallaci. Ban san cewa kafin in iso Malam ya jera shahadodin nan a cikin firintar ofis ba, yana jiran wuta.

Muna dawowa, tun daga baranda na ji ƙarar. Firintar tana zuƙar takarda tana tofarwa, wasu a kan tebur, wasu a ƙasa, masu zanen kore da ruwan zinare a gefe. Na ruga na fizge wayar daga bango. Na ɗauki takarda ɗaya. Daidai gurbin suna, har kan bisimillar da ke sama, an zuba wasu baƙaƙen alamomi marasa kan gado, layi biyu, layi uku. A ƙasa kuma ga sa hannun tsohon Malam, tawadarsa shuɗiya, babu abin da ya taɓa shi.

Malam ya durƙusa yana tsince su ɗaya ɗaya, yana karkaɗe ƙura da hannun rigarsa. Ya yi salati a hankali. Ni kuwa ina tsaye da takardar a hannuna. Ya ƙirga waɗanda suka rage a cikin firintar. Biyar.

"Cutar kwamfuta ce ta shigo mana?" ya tambaye ni.

Wallahi na ga ƙofa a buɗe. Da na ce e, da ya yarda, duk garin ma da sun yarda. Na juyo da allon na karanta layin da kyau a karon farko, ga sunan fayil ɗin Ajingi ɓaro-ɓaro.

"Ni ne, Malam. Tsarin wata makarantar na sa."

Bai zage ni ba, kuma da zagin ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce takarda dai ana iya bugo wata a Kano gobe, shi kuma ya sa musu hannu. Idonsa kuwa na kan tawadar mahaifinsa.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Malaman makarantar suka zauna suka yanke cewa biyar ɗin nan a ba waɗanda suka fi tsufa a cikin matan, sauran a bugo musu sababbi. Innata ce ta uku a shekaru. Da na ji haka, kunya ba ta hana ni jin sanyi a raina ba, na ce ko ba komai ita ta tsira.

Na same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ban kai ga zama ba ta ce in koma in gaya wa Malam ya cire ta daga cikin biyar ɗin.

"Inna, haƙƙinki ne fa. Ba ke kika ɓata ba."

"Ɗana ya ɓata na mutum ashirin da shida, ni in miƙa hannu in karɓi mai kyau a gabansu? Da wane ido?"

Na ce to za a bugo mata sabuwa. Ta ce ba ta so, a wurin tsoho ta yi karatu, sa hannunsa take so. In zaɓo mata ɗaya cikin ɓatattun, in rubuta sunanta da biro a inda ya samu wuri.

Ranar Asabar ina tsaye can baya aka kira sunanta. Ta tashi a hankali saboda gwiwa, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga wa 'yan ajinsu kamar yadda kowa ya yi. Daga inda nake ina hango baƙaƙen layukan a kai, ban iya ɗaga hannu na yi kabbara tare da jama'a ba.