Shugaban 'Yan Haya Da Ba Ya Jin Magana Sai A Taro

Sai-Taro ake ce masa, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. Ya tsufa yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, bai taɓa yanke hukuncin ko da kofin shayi ba. Da ya yi ritaya, 'yan hayan gidan da yake zaune suka naɗa shi shugaba, don kawai shi ne ba ya zuwa ko'ina.

A da, idan aka sami saɓani, a bakin famfo ake kashe shi. Wannan ta yi ƙorafi, waccan ta ba da haƙuri, a yi dariya a watse. Shi kuwa ya ga wannan ƙauyanci ne. Ya kafa doka: ba a kawo kuka sai ranar taro, kuma sai an ɗaga hannu. Yadda yake gyara tabarau idan zai hana mutum magana, sai ka rantse ƙasa aka ba shi ya riƙe.

Wata safiya a damina, matar tela ta tare shi yana goge takalmi.

"Baba, bangon bayan ɗakinka ya tsage, hannuna ma yana shiga."

"Wannan ƙorafi ne ko sanarwa?"

"Bango ne, Baba!"

"To, ki ajiye shi sai taro."

Ya ji daɗin kansa ƙwarai, har ya ba matarsa labarin yadda ya koya wa yarinya tsari.

Bangon bai san da doka ba. Kafin ranar taron ya rufto a kan babur ɗinsa da kejin kajin matarsa. Maza da mata suka fito da shebur da bokiti, kowa ya kama inda ya ga ya dace. Shi ko yana tsaye cikin laka yana ihu, "Wa ya ba ku izini? A bi layi!" Ko kallonsa ba a yi ba.

Ba a ma tsige shi ba, daina tambayarsa kawai aka yi. Wannan ya fi asarar babur ƙona masa rai.

Yanzu yana gidan 'yarsa, ya tsara wa jikoki wanda zai fara shiga wanka. 'Yar takan ce, "To, Baba," sannan ta wanke wanda ya fi datti.