Haliru da Akori-kurar Sambo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin Haliru da ke bakin titin Gwandu ya san abu biyu game da shi: kunnensa na jin ciwon inji, kuma ba ya son a yabi wani bakanike a gabansa. Ɗan Ceberu ne, manomi ɗan manomi, amma tun yana saurayi ya jefar da fartanya ya bi mota. Ya koyi aiki wurin marigayi Malam Abdulgani, tare da wani sa'ansa Sirajuddeen, wanda yanzu ke da gareji a Kalgo. Da maigidan nasu ya tsufa, sai ya miƙa wa Sirajuddeen akwatin sifanunsa, shi kuwa Haliru aka sallame shi da addu'a. Addu'ar ta karɓu, don bai taɓa kwana da yunwa ba, sai dai har gemunsa ya yi furfura bai daina jin zafin akwatin nan ba.

Zamani ya zo da motoci masu kwamfuta, masu su kuma ba sa tsayawa wurin Haliru, Birnin Kebbi suke wucewa. Abin da ya rage masa na alfahari shi ne wata tsohuwar Fijo akori-kura ta Sambo, wani Bafulatani dattijo da ke zaune da shanunsa a bayan Dodoru. Da ita Sambo ke kai tumaki kasuwa, ya komo da dusa da kanwa. Tun ranar da aka saye ta, hannun Haliru kaɗai ta sani. Idan ta wuce ta gaban gareji tana rugugi, sai ya dakata da hira ya ce da mutane, "Kun ji ta ko? Aikina ne wanga." Matarsa Rahama takan ce da ita ce ke samun rabin kulawar da Fijon nan ke samu, da ta yi ƙiba.

Haliru yana da wata ɗabi'a a aikinsa da sauran bakanikai ke yi masa dariya a kai. Shi bai yarda a kawo masa mota mai wuyar tashi da rana tsaka ba. Ya ce motar da ta sha rana ta yi zafi ƙarya take yi, inda ta kwana can ake zuwa a saurare ta. Da an sallame sallar asuba sai ya hau babur ya tafi rugar Sambo, ya tsuguna cikin raɓa, ya sa a murza makulli. Daga kukan farko yake gane ko batir ne ya yi sanyi, ko fetur ne bai iso ba, ko kuwa wuta ce ba ta kai ga fulogi. A ba shi nono ya sha, ya koma gida yana jin kansa sarki.

A farkon daminar bana motar ta soma rigima. Da safe sai an yi ta fama da ita kafin ta kama, in ta kama kuma ta dinga kakkarwa tana tari, salansa na harbi, sai hantsi ya ɗaga ta dawo daidai kamar ba ita ba. Kafin Sambo ya aika wa Haliru, tafiya ta kama shi zuwa Kalgo. Can ruwa ya sauko, motar ta jiƙe, ta ƙi tashi sam. Mutanen kirki suka tura masa ita zuwa gareji mafi kusa, wanda kuma, don ƙaddara, na Sirajuddeen ne. Ya sauya fulogai, ya wanke kafireta, rana ta fito, mota ta tashi.

Washegari da safe rigima ta dawo sabuwa. Sambo ya lallaɓa da ita har Gwandu. Haliru ya taso da fara'a, ya ɗaga bonet, sai fara'ar ta ɗauke. Ga fulogai sababbi fil, ga kafireta na ƙyalli, ga wayoyi an ɗaure su da jan tef irin ɗaurin da Malam Abdulgani ya koya musu su biyu. Bai buƙaci a gaya masa hannun wa ya shiga ba. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Wa at taɓa ta, Baffa?" in ji Haliru.

Sambo ya ce, "Wallahi lalura ce, Malam Haliru. Kalgo tam mace min, anka tura ta wurin wani Sirajo."

"Wani Sirajo!"

Haliru ya sunkuya kamar mai duba wayoyi. Ya ɓalle murfin distibuta, wato inda wuta ke rarrabuwa zuwa fulogai, ya juya shi cikin haske. Nan ya ga abin: wata 'yar tsaga siririya, da layin baƙi inda wuta ke zurarewa. Laima ce ke shiga ta nan idan motar ta kwana cikin ciyawa, rana kuma ta busar da ita. Aikin bai kai a sha shayi a tashi ba. Amma ya mayar da murfin yadda yake, ya saki bonet ya faɗi da ƙara.

"Wanda yaf fara shi ƙarasa," ya ce. "Ni ba ni ɗora hannu bisa aikin wani."

Sambo ya dube shi jim kaɗan, ya gyara malafarsa. "To, ba komi. Allah shi ba mu alheri." Ya shiga motarsa ya tafi.

Lissafin Haliru mai sauƙi ne. Sambo yana kai motar Kalgo ne da rana, bayan ta bushe ta yi zafi, Sirajuddeen kuwa ba zai taso da asuba ya zo bayan Dodoru ba. Ke nan ba zai taɓa jin ciwon da kunnensa ba. Zai yi ta lalube har ya gaji, Sambo ya dawo yana ba da haƙuri, shi kuma Haliru ya sauya murfi a gaban jama'a, labari ya kai Kalgo. Rabin farko na lissafin ya fita daidai. Direbobin bas suna kawo masa rahoto: yau an sauya kwayil, gobe an zubar da tanki an ce fetur ɗin 'yan bumburutu ne mai ruwa, jibi an sayi sabon batir. Kowane labari ya zo, Haliru sai ya yi murmushi ya ƙara sukari a shayinsa. Amma idan ya hango motar ta wuce ba ta tsaya ba, abinci ba ya shigarsa ranar.

Rahama ta gaji da ganin tuwo na komawa. Ta ce, "Malam, tunda ka san abin da ad damun motar Sambo, ka tai ka gyara mana. Mutumen ga bai yi maka laihi ba."

"Shi taho da ƙahwarshi."

"Bahillace ne hwa. Ka kore shi gaban mutane, kana zaton shina komowa?"

Haliru ya san da haka sarai. Shekara da shekaru yana shan nonon rugar nan, ya san Sambo mutum ne da ko ƙishirwa ke kashe shi ba zai roƙi ruwa sau biyu a gida ɗaya ba. Kishi ne ya toshe masa kunne, kuma ni dai ban ga abin da zan kira shi ba in ba wauta ba. Har Sirajuddeen ya aiko da gaisuwa ta bakin wani direba, yana cewa ɗan'uwansa ya leƙo su haɗa kai a kan motar. Haliru ya ce a gaya masa ya tambayi akwatin.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, sai motar ta daina wucewa gaba ɗaya. Haliru ya daure, ya daure, har abin ya gagare shi. Ya sayi murfin, ya jefa a aljihu, ya yi asubanci zuwa bayan Dodoru, yana shirya yadda zai yi faɗa kaɗan kafin ya yafe. Da ya isa, inda motar ke kwana babu komai sai tabon baƙin mai da ciyawar da ta kwanta. Sambo ya fito daga cikin shanu, ya shimfiɗa masa buzu, suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da dabbobi da ruwa.

Sannan Haliru ya ce, "Ina mutuniyar tamu?"

"Ai ta tai," in ji Sambo. "Na gaji da turi, ga ni tsoho. 'Yan gwangwan na Kalgo, masu sayen tsohon ƙarhe, sunka saye ta, sun yanka ta tun makon jiya."

Haliru ya shafa murfin da ke aljihunsa. Da ƙyar ya ce, "Baffa, don mi ba ka komo wurina ba?"

Sambo ya sunkuyar da kai, yana zana ƙasa da sandarsa, ya yi magana a hankali irin ta mai lallashi.

"Ran nan na ga ka buɗe, ka duba, ka mai da, ka yi hushi. Sai nig gane ta hi ƙarhinka. Kai kuwa mutum ne mai suna ga aikin ga, ban so in riƙa kawo ta gaban mutane ina ba ka kunya ba. Kar ka damu, Malam Haliru, ban hwaɗa ma kowa ba."

Haliru ya buɗe baki. In ya ce ya san ciwon tun ranar, ya zama mugu a idon dattijon da ya rufa masa asiri. In ya yi shiru, ya zama wanda ya kasa. Ya dubi Sambo, ya ga babu komai a fuskarsa sai tausayi.

"Na gode, Baffa," ya ce.