Ƙyauren Gidanmu

Abin da na fara gani da na dawo daga makaranta shi ne labulen ɗakin Umma, tun daga bakin titi. Ba a taɓa hango shi daga waje ba. Sai da na matso na gane dalili: ƙyauren gidanmu ba ya nan.

A shekarar da sojoji suka koma bariki ne, ina aji ɗaya na sakandare a Wudil. Muna zaune a kwatas ɗin gwamnati da ke bayan Sabon Gari, gidajen da kwanonsu ya yi tsatsa, magudanar ruwa ta toshe tun ban yi wayo ba. Sabon kansila ya ce za a gyara. Ba wanda ya gaya mana da cire ƙofofi za a fara, wai sababbi na hanya, tsofaffin kuma kayan gwamnati ne.

Namu ba na gwamnati ba ne. Gara ta cinye na katakon, Baba ya sa mai walda ya yi mana na ƙarfe. Ga Umma a ciki, kwananta huɗu da haihuwa.

Na hango ƙyauren a bayan wata tifa da leburori suka zo da ita, har da allin da na rubuta lissafi da shi a jikinsa. Keken Baba yana yashe a ƙasa, tayar baya tana ta juyawa. Shi kuwa ya hau motar ya riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Malam, sauko mana," in ji shugaban leburorin, wani dattijo mai furfura.

"Nawa ne, Alhaji. Iyalina na ciki, jego ake yi."

Wani lebura mai jar riga ya ce, "To a rataya tabarma mana, Malam. Ko jaririn ne zai gudu?"

Suka yi dariya. Baba ya diro ya mare shi. Ban taɓa ganin ya daki ko akuya ba.

Mai jar rigar ya ɗaga shebur ya sauke masa a goshi. Ƙarar kamar an buga tukunyar ƙasa. Baba ya durƙusa, jini ya rufe masa ido ɗaya, leburori biyu suka hau shi da ƙafa. Sai ga Gwaggo, yayar Baba da ta zo yi wa Umma wanka, ta fito da bokitin tafasasshen ruwan jego ta watsa wa mai jar riga a baya. Ya yi wani ihu. Da ya fizge rigar, fata ta biyo ta, ganyen darbejiya manne a wurin. Maƙwabta suka fito da duwatsu da taɓare. Gilashin tifa ya tarwatse. Ni ina jikin bango, na ƙanƙame jakata.

Umma ta fito bakin ƙofar da ba ƙyaure, da ɗaurin ƙirji, ba mayafi, jaririn a hannunta, maza cike da layi. Baba ya ɗago ya gan ta, ya sunkuyar da kai.

Da aka raba, dattijon ya zauna a kan bulo yana danne kunnensa mai jini da hula. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na je gabansa na durƙusa. Sai da ya ce, "Me kika ce, 'yata?" sau biyu kafin muryata ta fito.

"Baba, don Allah ku ara mana ƙyauren nan zuwa ranar suna."