Ramar da Aka Hana Ummana

Shekara shida ke nan da rasuwar Ummana, Allah Ya jiƙanta, amma sai a ranin da ya wuce na san tsoron abin da ya ɗauke ta bai sake ni ba. Ina tsinkar tumatir a gonarmu ƙishirwa ta kama ni, na shanye gora guda, maƙogwarona yana nan a bushe. Haka nata ciwon ya fara.

Umma mace ce mai jiki, a wajenmu Bunkure kuwa jiki ado ne. Da likita ya ce ciwon suga ne, ta rage tuwon shinkafa da lemon kwalba, ta riƙa tattaki, ba ta yi musu ba. Kullum da sanyin safiya tana bin bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki, ta dawo ta ci kwaɗon zogale. Ta faɗa, numfashinta ya daidaita.

Sai wani biki ya zo. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta dube ta a tsakiyar mata ta ce, "Matar yaya, wannan rama fa? So kike a ce yayana ya kasa cefane?" Aka yi shewa. Baki shi ke yanka wuya. Da muka koma gida Umma ta ce mini, "Ba za a zagi ubanku a kaina ba." Ta koma cin da aka hana ta. Ajali na Allah ne, amma ni na ga yadda ƙafarta ta ruɓe.

Yanzu a asibiti akan ce wa mai ciwon ya zo da mutanen gidansu, a yi musu bayani tare. Nakan tambayi kaina, da Gwaggo ta zauna a bencin asibitin, da ta yi wasan nan? Umma fa, da ta yarda lafiyarta ma mutuncin gidan ce? Ban sani ba. Jikinta na gada, da kunyarta. Wanne zai fi ƙarfi a kaina, shi ne ke hana ni sukuni.

Na daɗe ina ɓoye ƙishirwar kafin na je gwaji. Malamar asibiti ta dubi sakamakon.

"Ƙanwata, ba ki da suga. Amma nauyin nan a rage shi, ko wa zai yi magana."

Na ce to. Na tashi, shewar bikin nan tana yi mini amo a kunne.